Ƙanwata, ki gama littafin tukunna

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sai da na karanta tambayarki sau biyu kafin in fara amsawa, don wallahi abin ya taɓa ni. Kin ce kin rubuta littattafai uku a waya, na huɗu ya tsaya miki cak a feji na 40 yau wata biyu kenan, kuma kin lura yininki gaba ɗaya yana ƙarewa ne a amsa kwament da ɗora sitatus da zagayen guruf-guruf kina roƙon a tura miki gaba, in dare ya yi kin ɗau waya za ki yi taifin sai ki ji kanki fayau ba komai a ciki. Ga kunyar tallan kina ji, ga tsoron in kin yi shiru a manta da ke. Kina tambaya ya za ki haɗa biyun, rubutu da talla.

Toh ni dai abin da shekaru suka koya min shi ne ba a haɗa su a lokaci ɗaya, taura biyu ba ta taunuwa. Kowanne lokacinsa ake ware masa. Amma bari in miki bayani a tsanake don kar ki ɗauka cewa nake ki bar talla, a'a, talla dole ne, kuma ni sai da na sha wuya na gane hakan.

Ki fara cire wa ranki cewa waya ce ta kawo wannan matsalar. Marubucin Hausa da ya huta da talla shi ne na zamanin da hukuma ke buga littafi ta kai makarantu da kanta, irin waɗanda suka shiga gasar nan ta 1933 da aka shirya a Zariya, ko waɗanda kamfanin buga littattafai na NNPC ya ɗauki littattafansu bayan an kafa shi a 1966. Amma tun tsakiyar shekarun 1980 da matasa a Kano suka fara buga nasu da kuɗin aljihunsu, abin da aka zo ana kira adabin kasuwar Kano, marubuci shi ne mai bugawa shi ne ɗan talla kuma shi ne mai bin bashi. Ni a ƙarshe-ƙarshen wannan zamanin na shigo. Da biro na rubuta littafina na farko a dogayen littattafan makaranta guda uku, na kai wa masu taifin, na sayar da 'yan kunnena na haɗa da kuɗin adashi aka buga, ƙanina ya ɗaura a bayan mashin ya kai wa masu littattafai a kasuwa, sharaɗin kuwa sai an sayar a ba ki kuɗinki. Na koma gida na zauna ina jira, a tunanina tunda littafin ya yi kyau ai shi zai sayar da kansa. Bayan sati shida na shirya na je da kaina. Na tarar da ɗaurina a ƙarƙashin benci ko igiyar ba a kwance ba, ƙura ta lulluɓe na saman har sunana ba ya karantuwa sai da na sa gefen mayafi na goge. Yaron shagon bai ɓoye min ba, ya ce Hajiya ba a tambaya ne, mu abin da ake tambaya shi muke ɗorawa kan tebur. A mota na yi kukana har gida.

Abin da ya tayar da littafin nan daga ƙarƙashin benci shi ne an karanta shi a wani shirin karatun littattafai na gidan rediyo, ni na kai musu da ƙafata na yi ta sintiri har aka karɓa. Sai ga yara ana aiko su kasuwa da sunan littafin a rubuce a 'yar takarda, sai ga masu ba da hayar littafi a unguwanni suna saye bibbiyu uku-uku saboda layin da ake musu. Kin ga kenan ba ni da bakin da zan ce miki talla ɓata lokaci ne.

Sai dai akwai abu ɗaya da ya bambanta lokacinmu da naku, kuma inaga nan ciwonki yake. Mu lokacin da muke yawon talla littafin ya riga ya fita daga hannunmu, an gama an buga, ba mai iya canza ko wasali ɗaya. Ko masu fitar da kashi na ɗaya kafin su rubuta na biyu, akwai watanni a tsakani da ba wanda ke tsaye a kansu. Ku kuwa kuna dafa tuwon ne a tsakiyar kasuwa masu saye sun kewaye tukunya, wannan ta ce ƙara gari, waccan ta ce ya yi tauri, wata ta miƙo kwano tun bai nuna ba. Ki rubuta feji da daddare ki sake shi da safe, kafin azahar kwament ɗari, kafin la'asar an fara Anti ci gaba dan Allah, Anti yau shiru, Anti mun fa biya kuɗinmu.

Na faɗa wannan ramin ni ma lokacin da na dawo rubutu a waya. Akwai wani labari da na ɗauko da niyyar in nuna yadda kishiyoyi biyu kowacce ke da gaskiyarta kowacce ke da laifinta, mijin ne ya kasa riƙe gidan. Na tsara shi tsaf a kaina har ƙarshe. Daga wajen feji na 15 sai masu karatu suka tsani amaryar, kullum guruf ya cika da a sake ta, a wulaƙanta ta, Allah ya isa. Duk ranar da na sa aka ci mata mutunci sai kwament ya ninka, ranar da na nuna ɓangarenta na tausayi sai guruf ya yi tsit ko a fara ƙorafi wai ina goyon bayan mugunta. Ban san lokacin da na fara rubuta abin da zai kawo hayaniya ba. Ina tuna wani dare wajen sha ɗaya da rabi, ba wuta, cajin wayata saura 7, yara sun yi barci, babban yatsana har ya sage, ina taifin ɗin wani fage da aka kama amaryar da layu a ƙarƙashin katifa, abin da sam babu shi a tsarina kuma matar da na ƙirƙira ba za ta taɓa aikatawa ba. Na tura, guruf ya kama da wuta, aka yi ta yabo. Washegari na buɗe zan ci gaba na rasa ta inda zan kama, don matar da na sani ta mutu a wannan fejin, wadda ta rage baƙuwa ce a wurina. Da ƙyar na ja littafin na kai ƙarshe, an saya kam, amma har yau ba na iya buɗe shi.

Shi ya sa da kika ce naki ya tsaya a feji na 40 ban yarda basira ce ta ƙare miki ba. Wadda ta gama littafi uku basirarta ba ta ƙafewa haka kawai. Mafi yawan lokuta in labari ya ƙi tafiya, a baya ne aka yi kwanar da ba ta dace ba, kuma a rubutun waya sau da yawa masu karatu ne suka karɓe sitiyarin ba tare da marubuciyar ta ankara ba. Su ba laifinsu ba ne, so ne ya kawo haka, amma mai karatu feji ɗaya yake gani, ke kaɗai kike ganin hanyar gaba ɗaya.

Don haka shawarata ta farko, wadda in kin ɗauke ta ko sauran kin watsar ba komai: kar ki ƙara sakin feji ɗaya na sabon littafi sai kin rubuta shi har ƙarshe. Ba sai ya zama gyararre tas ba, amma ya zama kin san wa ya mutu wa ya rayu kin kuma rubuta da hannunki. Ki ajiye shi sati biyu ba ki duba ba, ki dawo ki karanta da murya kamar ba ke kika rubuta ba, ki ba mutum biyu ko uku da kika san ba sa jin nauyin faɗa miki gaskiya, ki ba wanda ya san ƙa'idojin rubutu ya duba miki raba kalma da haɗewa da su ƙ da ɗ da ɓ. In ba za ki iya jira har ƙarshen ba saboda wani dalili, toh aƙalla ki kasance kina gaban masu karatu da feji ashirin ko fiye, yadda hayaniyar yau ba za ta taɓa abin da za ki rubuta gobe ba. In kin yi haka fostin ya zama aikin minti goma, ki kwafo ki manna ki tura, duk sauran ƙarfinki ki zuba shi a talla da hira da masu karatu hankalinki kwance, ba zullumin me zan rubuta musu gobe.

Ni yanzu shekarata kashi biyu ce kamar ta manomi. Akwai damina, wata uku ko huɗu da nake rubutu, ba a cika ganina ba sai gaisuwa jefi-jefi. Akwai kaka, wata ɗaya ko biyu da nake kasuwa da dukkan ƙarfina, ba na ma yunƙurin rubuta sabon abu, sai dai in wani tunani ya faɗo min in rubuta shi a 'yar takarda in ajiye.

Na san abin da za ki ce, ai in na ɓace wata uku an manta da ni, marubuta sun yi yawa. Toh ki duba abin da ke faruwa duk shekara a gaban idonki. In azumi ya kama yawancin marubutan waya ajiye littafi suke, wata guda cur ba fostin, wasu ma tun kafin a ga wata suke sallama. An taɓa wayar gari bayan salla aka ce masu karatu sun watse? Da ƙishirwarsu suke dawowa. Abin da ke korar mai karatu shi ne a fara masa labari a bar shi a rataye, ko a ce kullum za a riƙa turowa sai a koma sau ɗaya a sati ba bayani, ko ya biya kuɗi littafi ya lalace a tsakiya. Wadda aka san in ta fara tana direwa, ko shekara ta yi ba ta nan ana jiranta.

Sai maganar yini. Matsalar ita ce alƙalaminki da kasuwarki abu ɗaya ne, wayar nan ce. Kina tsakiyar jimla saƙo zai faɗo daga sama, ki ce bari in duba ɗaya kawai, sai ki farga awa ta wuce. Ba wani sirri a nan, data ake kashewa. Ni bayan sallar asuba nake rubutu kafin gidan ya tashi, kuma ƙa'idata ita ce ba na kunna data sai na cika adadin da na ɗaukar wa kaina. In abin ya ƙi ma ajiye wayar nake a ɗaki in ɗau biro da takarda in zauna a tsakar gida, daga baya in yi taifin, kuma wannan kwafewar ita kanta gyara ce ta farko. Ke ki duba naki lokacin, wata sai yara sun tafi makaranta, wata sai dare, amma ki ba rubutu lokacin da kanki ya fi sanyi, talla ya ɗauki ragowar, don amsa saƙo ko a gajiye ana iya yi, ƙirƙira kuwa ba ta yiwuwa da gajiyayyen kai. Kuma kar ki raina kaɗan. Kalma 700 a rana, in kin riƙe kwana 90, kalma 63,000 kenan, littafi ne cikakke. Amsa kwament ki sa masa lokaci ɗaya, misali bayan isha'i minti arba'in, ki faɗa wa mutanenki haka su sani. In da hali ki samu ƙanwa ko aminiya ta riƙe miki guruf, ita ke karɓar shaidar biya ta sa mutum a ciki, ki riƙa ba ta wani abu a kan kowane ciniki. Duba alat da tambayar wa ya turo wa bai turo ba yana cin kai fiye da yadda ake zato.

Yanzu kunya. Wannan na fahimce ki sosai, don mu an raine mu ne da yabon kai jahilci, kuma gaskiya ne. Amma ki lura da yarinya mai tallan gyaɗa, ba cewa take ni ce gwanar suya ba, sunan abin da ke kan farantinta take kira. Abin da ke sa ki jin nauyi inaga shi ne irin tallan da aka saba, fitacciyar marubuciya, alƙalamin zinare, littafin da zai girgiza ku, cakwakiya, ba a taɓa irinsa ba, kar ku bari a ba ku labari. Wannan dole ki ji kunyarsa tunda kanki kike yabo, kuma abin haushin ma ba ya sayar da komai, don kowa haka yake rubutawa ido ya saba ya daina gani. Ki gwada ajiye kanki gefe ki faɗi abin da ke cikin labarin a layi biyu. Misali a ce: ranar da aka zauna rabon gadon babansu suka gano gidan da suka tashi a ciki ba nasa ba ne, na matar da suke kira 'yar aiki ne. Shikenan, sai sunan littafi da kuɗinsa da yadda za a samu. Ba ki yabi kanki ba, ba ki yi ƙarya ba, amma duk wadda ta karanta sai ta so jin yadda aka kwashe. In kin kasa taƙaita littafinki a layi biyu irin haka, toh wannan ma alama ce jigon bai zauna miki ba tukunna, kin ga tallan ma ya taimaki rubutun.

Kuma ba dole sai kin nuna fuskarki ko gidanki ko 'ya'yanki ba. Marubuta mata da yawa sun yi suna ba wanda ya san kamanninsu, wasu ma da sunan alƙalami. Tun yanzu ki ja layi tsakanin abin da na kasuwa ne da abin da na gida ne, don abin da ya fita ba ya dawowa. Abu biyu kuma nake roƙonki ki nisanta duk da na san suna tara jama'a da sauri. Na ɗaya cusa batsa a shafukan kyauta don a ruga a biya. Na biyu faɗa da habaici da 'yan uwanki marubuta a sitatus. Duka biyun suna kawo 'yan kallo, amma suna ne za ki ɗaura wa kanki da zai bi ki har gidan aure har gaban 'ya'yanki, kuma irin jama'ar da suka zo don wannan, gobe in kin rubuta abu mai nauyi ba za su tsaya ba. Ina faɗa miki ne don na ga yara masu baiwa sosai da suka ƙone a wannan hanyar, abin yana min ciwo.

Toh wane talla ne ke aiki? A nan zan ba ki abin da ya fi komai amfanar da ni. Ki samu ɗan littafi, duk wadda ta sayi littafinki a tambaye ta a ina kika ji labarinsa, a rubuta. Wata ɗaya kawai ki yi haka. Ni da na yi, abin da na gani ya ba ni mamaki, yawo guruf hamsin ina manna talla da nake kashe awa biyu a kai kusan ba ya kawo kowa, mafi yawan masu saye cewa suke ƙawata ce ta ba ni labari, yayata ce ta ce in nema, ko na karanta wancan naki ne na biyo. Daga ranar na daina zagayen. Naki lissafin zai iya bambanta da nawa, shi ya sa nake so ki yi da kanki, amma ki yi da alat ba da layik ba. Guruf ɗin WhatsApp mutum 1024 yake ɗauka, za ki iya cika uku ki ji kamar kin mallaki gari, ranar da kika ce littafin kuɗi ne sai ki ga nawa ne naki na gaske. Waɗannan 'yan kaɗan ɗin da suka biya su ne jarinki, su za ki sani da suna, ki gaishe su da salla, ki fara sanar da su kafin kowa.

Shafukan kyauta ma talla ne, kuma su ne mafi ƙarfi, don haka su za ki fi ba gyara. Ki tsaya a inda tambaya ta ƙullu a ran mai karatu, ba a inda kika gaji ba. Sai taimakon juna. Wannan ba sabon abu ba ne, ƙungiyar marubuta ta Raina Kama a Kano tun farkon shekarun 1990 haka suka yi, ka sayi littafin ɗaya ka tarar da jerin littattafan sauran a ciki, kowa na jan ɗan uwansa. Ki nemi marubuta uku ko huɗu da kike girmama rubutunsu da gaske, ba don yawan mabiyansu ba, ku riƙa gabatar da juna ga masu karatunku. Amma kar ki tallata abin da ba ki karanta ba, amanar masu karatunki ce kike jinginarwa.

Masu karanta littafi a YouTube su ne rediyon yanzu, suna kai labari ga matan da ba sa iya zama karatu, suna aiki suna saurare. Ki ba su in kin yarda da su, amma a rubuta yarjejeniya, nawa ne, wane littafi, har zuwa yaushe, kuma a faɗi sunanki a kowane kashi. Buɗe taki tashar kuwa ki yi tunani tukunna, kafin su fara biya ta talla sai kin tara mabiya 1000 da awa 4000 na kallo cikin shekara, wani aikin ne daban mai zaman kansa, in ba ki da mai riƙe miki rubutun zai cinye. Gasa kuma ki riƙa shiga, irin Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016, gajeren labari ne da bai wuce kalma 1500 ba, ko ba ki ci ba kin koyi matse labari, in kuwa aka karanta naki kin samu tallan da kuɗinki ba zai saya ba. In akwai reshen ƙungiyar marubuta ta ANA kusa da ke ki leƙa zaman karatunsu, akwai kuma bikin littattafan Hausa na HIBAF da aka fara a Kaduna a 2021. Ranar Hausa ta duniya, 26 ga Agusta, rana ce mai kyau ta sakin littafi tunda hankalin mutane na kan harshen.

Wani abu da ba a cika faɗa wa sababbi ba, kar ki gina gidanki gaba ɗaya a filin wani. Manhajar OkadaBooks marubutanmu da yawa sun zuba littattafansu a kai, a Nuwamban 2023 ta rufe. Shafin Facebook ana iya kulle shi, layin waya ana iya rasa shi. Ki ajiye lambobin masu sayen littafinki da izininsu a wani wuri daban, ko a takarda ne, ki roƙe su su yi ajiyar taki lambar don saƙon bai-ɗaya na WhatsApp ba ya isa ga wanda bai ajiye lambarki ba. Rubutunki kuma duk sati ki tura wa kanki ta imel. Satar littafi kuwa za a yi, wata za ta biya ta fitar, zai miki zafi, na sani. Ki sa sunanki da lambarki a kowane feji yadda ko an fitar yana ɗauke da adireshinki, ki adana asalin rubutun da kwanan watansa, in abin ya kai wani yana sayarwa ko ya canza suna akwai dokar haƙƙin mallaka ta 2022 da hukumar da ke kula da ita. Amma kar ki ba ɓarawo safiyarki, kwana uku kina Allah ya isa a sitatus feji shida kenan ba ki rubuta ba.

In kuma kuɗin littafin ne kike cefane da shi, ban manta da wannan ba, ba zan ce miki ki zauna wata uku ba shiga ba. Ai kina da littattafai uku kammalallu. Su za su riƙe ki. Ki gyara su, ki musu bango mai kyau, ki haɗa kowanne a dunƙule, ki riƙa tallansu sau biyu a sati da irin layi biyun nan da na nuna miki. Ke ce kika gaji da su, amma kullum akwai yarinyar da yau ta fara riƙe waya ba ta taɓa jin sunansu ba. Tallan tsohon littafi ba ya taɓa sabon da ke kan wuta, shi ya sa ya fi dacewa da lokacin rubutu.

Game da na huɗun nan da ya tsaya, ga abin da zan yi da ni ce. Yau ɗin nan zan rubuta wa masu karatu saƙo gajere ba kame-kame, in ce labarin ya kauce daga inda na nufa, ba na so in ba ku abin da ban gamsu da shi ba, ku ba ni zuwa rana kaza zan dawo da shi a kammale, wadda ta biya kuma take son kuɗinta ta yi magana a mayar mata. Ki sa ranar da kin tabbata za ki iya cikawa, ki ƙara sati biyu a kai saboda halin rayuwa. Za a yi ƙorafi kwana biyu, wasu za su karɓi kuɗinsu, ki ba su da fara'a. Daga nan ki kashe data ki koma feji na 1 ki karanto a hankali da biro a hannu, kina tambayar kanki a kowane fage, wannan ni na so shi ko don a yi kwament na sa. Za ki zo wani wuri da za ki ji gabanki ya faɗi, wataƙila wajen da guruf ya fi ɗaukar zafi, toh daga nan za ki yanke ki sake ɗinki ko da feji goma sha biyar za ki zubar. Kar ki goge su, ki ajiye a wani fayil daban, wani lokacin akwai zance mai kyau a ciki da zai yi amfani a wani littafin.

In kin gyara ki turo min fejin da kika yanke daga kansa da biyun da ke gabansa, ranar Asabar ina da sarari da hantsi, zan duba miki in sha Allahu.